Doki 430 da Buhu 40: Sharhi kan Bidiyoyin "Na Sayi Sabuwar Akori-kura"

Akwai wani nau'in bidiyo da ya cika YouTube, wanda guntayensa ke yawo a Facebook da TikTok har su iso wayoyin matasan Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Ba'amurke ne zai tsaya ƙofar gidansa, bayansa ga wata ƙatuwar akori-kura tana sheƙi, ya ce yau sati uku ke nan da ya saye ta, ga kuma abin da ya gani. Yawanci Ford F-250 ce mai injin fetur lita 7.3, ko Chevrolet Silverado 2500HD mai lita 6.6, ko Ram 2500 mai lita 6.4. Zai tayar da injin a ji ruri, ya buɗe ƙofa ya nuna kujeru, ya rantse cewa ta ja masa tirela kamar ba ta ɗauki komai ba. A majalisa kuma sai ka ji wani ya ce, ai da Alhaji zai shigo da irin wannan, an gama wahalar kwaso masara daga gona.

Wannan magana ce nake so mu auna, domin kuɗin da ake zancen ba ƙanana ba ne. Mota irin wannan, ko da 'yar gwanjo ce, kuɗinta zai sayi tarakta da garmarta, ko ya ɗauki nauyin takin damina guda na gandu babba.

Kafin komai, a gyara wani ruɗani na harshe. Idan Ba'amurke ya ce motarsa "gas" take sha, fetur yake nufi. Idan direban Daf a tashar Funtuwa ya ce zai sha gas, man dizal yake nufi. Kalma ɗaya, mai biyu daban. Duk motocin da nake magana a kansu a nan na fetur ne.

To, me mutum zai iya sani game da mota a sati uku? Zai san ko kujera tana da daɗi, ko madubi yana nuna baya sosai, ko akwai wani ƙulli da kamfani ya manta bai ɗaure ba. Injiniyoyi masu nazarin lalacewar na'urori suna da wani zane da suke kwatanta shi da bahon wanka: a farkon rayuwar na'ura ana samun matsaloli na kuskuren ƙira, sai su ragu a shiga dogon lokaci na lafiya, sai a ƙarshe tsufa ya sake ɗaga su. Mai bidiyon sati uku yana tsaye ne a bakin bahon na farko. Abin da manomi ke son sani, wato yadda giya da birki da sifirin za su kasance bayan kaka biyar, yana can ɗaya bakin. Abin dariyar ma shi ne littafin da Ford ke bayarwa tare da motar ya ce kada a ja tirela sai an yi tafiyar mil 1,000, kimanin kilomita 1,600, don injin da haƙoran giya su zauna. Ke nan wanda ya ce ya gwada jan kaya a satin farko, ko dai ya saɓa umarnin kamfani, ko kuma bai ja komai ba.

Sannan akwai shi kansa mai bayanin. A 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam, Jack Brehm, ya sa mata su ba wasu kayan gida maki, ya ce kowace ta zaɓi ɗaya ta tafi da shi, sannan ya sake sa su ba da maki. Abin da suka zaɓa sai makinsa ya hau, wanda suka bari ya sauka. A 1957, shekarar da Leon Festinger ya fitar da littafinsa kan wannan ɗabi'a, Danuta Ehrlich da abokan aikinta suka gano cewa waɗanda suka sayi sabuwar mota sun fi karanta tallar motar da suka riga suka saya fiye da ta waɗanda suka bari. Mu a nan ba mu buƙatar ɗakin gwaji kafin mu gane haka. Wa ya taɓa jin ango ya kushe amarya a satin biki?

Amma kada in zalunci bidiyoyin. Alƙaluman da suke karantowa na gaskiya ne. Injin 7.3 da Ford ta fito da shi a samfurin 2020, wanda ake wa laƙabi da Godzilla, yana ba da ƙarfin doki 430 da ƙarfin murɗawa kimanin niyuton-mita 644. Hilux mai fetur lita 2.7 da muka saba gani da jami'an tsaro da ma'aikatan gwamnati tana da doki 160 da 'yan kai, da niyuton-mita wajen 245. Nauyin da aka ce F-250 za ta iya ja, kusan tan 7 a wasu samfurori, ba da ka aka faɗe shi ba. Akwai ma'auni mai suna J2807 na ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE, kuma cikin gwaje-gwajensa har da hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona: kilomita 18 na hawa, zafin gari bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya mota a kunne har ƙarshe, kuma gudu kada ya sauka ƙasa da kilomita 64 a awa. Zafin nan ya yi kama da namu na Afrilu, don haka ba na shakkar lagiretonta.

Tambayar ita ce dawakai nawa aikin yake buƙata. Mu yi lissafi irin na bayan ambulan. Mota tan 3, tirela tan ɗaya da rabi, masara buhu 40 mai kilo 100, wato tan 4. Jimla tan 8.5. A kan kwalta mai kyau, jan da taya ke yi da ƙasa yakan kai kashi 1.2 cikin 100 na nauyin, wato niyuton 1,000. A gudun kilomita 80 a awa, iska za ta tura kayan baya da ƙarfin kimanin niyuton 1,300, idan aka ɗauka an jera buhunan da ɗan tsayi. Haɗa su, niyuton 2,300. Ninka da gudun, mita 22 a daƙiƙa, ka samu kilowat 51. Wato doki 68. Cikin 430! Ko da an samu hawa mai gangaren kashi 5 cikin 100 aka hau shi da gudun 60, abin da ake buƙata bai wuce doki 135 ba. Ƙasarmu daga Funtuwa zuwa Malumfashi kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, sai 'yan tuddai da kwaruruka. Gaskiya ne Funtuwa tana kan tsayin kimanin mita 700 daga teku, kuma injin da ba shi da tabo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300 saboda iska ta yi sirara, zafi ma ya ƙara rage ta. Cire kashi 10 gaba ɗaya, har yanzu dawakai kusan 250 suna zaune ba aikin yi, kuma su ma ci suke.

Cin nasu shi ne inda bidiyoyin suka fi rauni. A Amurka hukumar kare muhalli ta EPA ba ta tilasta wa kamfanoni liƙa takardar shan mai a motar da nauyinta da kayanta ya wuce fam 8,500, kimanin kilo 3,850. Waɗannan motoci duk sun wuce. Saboda haka babu wani adadi na hukuma, sai abin da mai mota ya karanta a allon gabansa, a kan titin da shi ya zaɓa, da ƙafar da shi ya taka. Mu koma lissafinmu. Niyuton 2,300 a tafiyar kilomita 100 ya zama megajul 230 a taya. Litar fetur tana ɗauke da kimanin megajul 32, amma injin fetur da giyarsa ba su isar da fiye da kwata ga taya a irin wannan aiki, saura ya tafi a zafi ta salansa da lagireto. Megajul 8 ke nan a lita. Raba 230 da 8, lita 29 a kilomita 100. Litar dizal tana da megajul wajen 36, kuma injin dizal yana matse iska kusan sau 16 kafin ya kunna mai, alhali na fetur ɗin nan sau 10.5 yake matsewa, shi ya sa dizal ke fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan aikin dai, lita 20.

Lita 29 ga buhu 40 ya zama lita 0.7 a kowane buhu, tafiya kawai, ba a lissafa dawowa da tirela fanko ba. Yi wannan lissafin ga tirela babba mai buhu 300, irin waɗanda ke lodi a kasuwar Dandume su nufi Dawanau ko kudu: wajen lita 43 na dizal, wato lita 0.14 a buhu. Ninki biyar ke tsakani. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da ake sayar da fetur ƙasa da naira 200 dizal kuwa ya ninka shi sau uku ko fiye, wannan giɓi yana ɓoye a bayan tallafi, kuma mai motar fetur yana da hujja. Ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi, hujjar ta fara tafiya da shi. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Idan muka ɗauki 1,000 don sauƙin lissafi, naira 700 ke nan a buhu, mai kaɗai, kafin kuɗin direba, 'yan dako, kamasho, da abin da ake miƙawa a shingayen hanya.

Duk da haka akwai inda nake goyon bayan masu bidiyon, kuma dalilina ya fi nasu ƙarfi. Su suna zaɓar fetur ne don ya fi araha wajen saye. Mu kuwa, idan dole sai an shigo da irin wannan mota daga Amurka, ta dizal ɗin ce ta fi haɗari. Injin dizal 6.7 na Ford an gina shi ne don man da sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, wanda Amurka ta koma kansa tun 2006. Yana da matatar toka a salansa, yana shan wani ruwan yuriya da ake zubawa a tanki daban, kuma famfon mansa yana aiki da matsi mai tsanani wanda ɗan ruwa ko datti kan iya lalatawa har ya watsa garin ƙarfe cikin nozul duka. A 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta kan gurɓataccen man da ake turo wa Afirka ta Yamma, iyakar salfa a dizal ɗin Najeriya kashi 3,000 ne cikin miliyan. An sauko da iyakar sosai daga baya, ga kuma matatar Dangote, amma wanda ya sayi mai a jarka wajen ɗan bumburutu a ƙauye ya san doka daban, abin da ke cikin jarka daban. Injin 7.3 na fetur kuwa tsohon tsari ne da gangan: babu tabo, kamshaf ɗaya ne a cikin bulok, kuma ana fesa mai ne a bakin bawul da matsi kaɗan. Bakanike mai hankali a Funtuwa zai gane yawancin abin da ya gani idan ya buɗe bonet. Fetur ɗin ma ba tsarkakakke ba ne, kowa ya tuna Fabrairun 2022 da man da aka shigo da shi mai yawan metanol, amma injin nan ya fi yafiya. Ƙari kuma, ya fi na dizal sauƙin nauyi da kilo ɗari uku ko kusa, nauyin da ke komawa ga abin da bodi zai iya ɗauka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kusan babu bidiyon da ke tsayawa a kansa, saboda a wajensu abu ne da kowa ya sani. Tan 7 ɗin nan da ake faɗa, sharaɗinsa shi ne tirelar tana da birkinta. A Amurka tirela mai nauyi tana zuwa da birkin lantarki a ƙafafunta, akwai waya da ke haɗa ta da mota, direba na taka birki ita ma ta kama. Jihohi da yawa sun wajabta haka da zarar tirela ta wuce fam 3,000, kimanin kilo 1,360. Ita kanta Hilux da ake cewa wasu samfurorinta na jan kilo 3,500, idan tirela ba ta da birki iyakarta kilo 750 ne.

Wace tirela ce za a ɗaura wa motar a Kafur ko Ɗanja? Wadda mai walda ya haɗa da gatarin tsohuwar mota, ko kuma tirelar tarakta. Yawancinsu ba birki. A bayan Massey Ferguson mai tafiyar kilomita 25 a awa wannan ba babbar matsala ba ce, domin kuzarin motsi yana tafiya ne da gudu ninkin kansa: a 25 kashi ɗaya ne cikin goma na abin da yake a 80. Amma tan 8.5 a gudun 80 yana ɗauke da megajul 2.1, zafin da zai kai ruwa lita shida zuwa tafasa, kuma duk sai ya bi ta faifan birki huɗu cikin 'yan daƙiƙu. Zafin ma ba shi ne farkon matsalar ba. Birki ba ya tsayar da mota, taya ce ke tsayar da ita, kuma riƙon taya ya dogara da nauyin da ke danne ta. Idan tayoyin mota kaɗai ke da birki, nauyin da ke kansu tan 3 ne da ɗan abin da hancin tirela ya ɗora, a ce tan 3.5, amma abin da za su tsayar tan 8.5 ne. A busasshiyar kwalta, da birki a kowace taya, za a tsaya cikin mita 36 daga lokacin da birki ya kama. Da tirela marar birki, mita 86. Ka tuna yadda bakin titi yake a Bakori ranar kasuwa, da 'yan acaɓa da amalanke da yara masu talla, sannan ka auna mita 50 ɗin da suka ƙaru. Injin mai doki 430 zai kai ka gudun 80 ba tare da ka ji komai ba, kuma wannan rashin jin shi ne abin da mai bidiyo yake yabo.

Akwai kuma yadda ake lodi. Ƙa'idar ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar mota. Idan 'yan dako suka tara buhuna a bayan gatari, hanci ya yi sauƙi, tirela za ta fara kaɗa wutsiya da zarar gudu ya ƙaru, kowane kaɗawa ya fi na baya, har ta juya motar. Idan suka tara a gaba, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya daina jin magana. Mu kuwa al'adarmu ta lodi, tun zamanin Peugeot 404 da 504 da ake haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ita ce a ƙara sifirin a ci gaba da ɗorawa har sai taya ta kusa taɓa bodi. Tsohuwar akori-kura ta jure haka ne don ba ta da gudu kuma kayan a bayanta suke, ba a ja suke ba.

Wannan ya kawo mu ga wani abu da ya fi kowane lissafi sauƙi. Motocin nan an ƙera su ne don ja, mu kuma ɗauka muke yi. Bodin F-250, duk girmanta, tan ɗaya da rabi zuwa kusan biyu yake ɗauka, buhu 15 zuwa 19. Kanta ta fi ta ɗauka nesa ba kusa ba, da ƙaramin injin dizal, da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Tun samfurin 2017 kuma Ford ta mayar da jikin waɗannan motoci na alminiyam. Mai gyaran bodi da ya saba da wutar kabaid da guduma zai iya ɓata shi fiye da yadda ya same shi. Giyar mai hawa goma kwamfuta ce ke tuƙa ta, tana da man da ita kaɗai take sha. Kuma wadda za ta iso Funtuwa ba sabuwar da ke cikin bidiyo ba ce. Wadda wani ɗan kwangila ya gama moro a Texas ce, ko wadda aka saya a gwanjon motocin da suka yi hatsari, sau da yawa ma mai tsohon injin 6.2. Wato a ɗaya bakin bahon za a karɓe ta.

Hanyar gona ma ta canza lissafin. A kan burji ko yashi jan taya yakan ninka sau huɗu ko fiye, ga kwazazzabai da damina ke bari, ga mota mai tsawon fiye da mita 6 da tirela a baya tana neman inda za ta juya tsakanin kunyoyi. A nan tarakta da shanun huɗa sun fi ta. Ba zan tsawaita kan tsaro ba, amma duk wanda ke noma wajen Faskari ko Sabuwa ya san abin da ake nufi da shiga daji da motar da ake hangowa daga nesa a san mai ita yana da hali.

Wa za ta yi wa amfani ke nan? Ina ganin mutum ɗaya ko biyu: mai ba da hayar injuna, wanda aikinsa shi ne kai injin casar masara ko ƙaramar tarakta ko tankin ruwa daga wannan gari zuwa wancan a kan kwalta, inda saurin isa shi ne kuɗi, kuma abin da ake ja ba ya shiga bodin Kanta cikin sauƙi. Shi ma sai ya shigo da tirela mai birki tare da motar, ko ya sa a haɗa masa gatari mai birki a nan, ya tabbatar soket ɗin bayan motar yana aiki. Injin fetur yana da wata fa'ida da za ta iya taimaka masa nan gaba: da yake da fulogi yake kunna mai, ana iya mayar da shi ya sha iskar CNG cikin sauƙi fiye da dizal, kuma Ford na sayar da wasu injinanta na fetur da bawul masu ƙarfi da aka tanada don haka idan mai saye na farko ya nema. Sai dai tulun iskar zai cinye wani sashe na bodi da nauyin kaya, injin zai ɗan rage ƙarfi, wanda dai mun ga yana da rara, kuma dole tashar cikawa ta kasance a kan hanyarsa ta kullum. Mai shigo da ita daga gwanjo zai iya duba lambar jikin motar ya nemi takardar yadda aka haɗa ta a masana'anta, a nan ne zai ga ko tana da waɗannan bawul ɗin da kuma na'urar sarrafa birkin tirela, domin ba kowace ce ta fito da su ba.